Kafin A Biya Kuɗin Kwamfuta Mara Nauyi

A watan Janairun 2008 ne Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na wancan zamani, ya tsaya gaban taro a birnin San Faransisko, ya zaro kwamfuta daga cikin ambulan irin na ofis, ya ce sunanta MacBook Air. Jama'a kuwa suka yi ta al'ajabi, domin dattawan cikinsu ba su manta da Osborne 1 ta shekarar 1981 ba, wadda aka kira ta tafi-da-gidanka alhali nauyinta ya kusa kilo 11. Tun daga ranar nan kamfanoni suka shiga tseren siranta kwamfuta, har ta kai yau akwai irin su LG Gram da wasunsu ba su cika kilo guda ba, kuma ɗalibin jami'a, da lauya, da ɗan jarida, da malamin da ke yawon wa'azi, kowa burinsa ya mallaki wadda za ta shige jaka ba tare da kafaɗa ta sani ba.

Buri ne halattacce, ba na zargin kowa a kansa. Amma wajibi ne mai saye ya san cewa abubuwa uku da yake nema, wato rahusa, da ƙarfin aiki, da sauƙin ɗauka, da wuya su taru a jiki guda, saboda duk abin da maƙeri ya rage a nauyi, to, daga wani wuri ya yanko shi: ko ya ƙanƙanta batir, ko ya ƙuntata hanyar da zafi ke fita, ko ya narka ram a jikin allon injin yadda ba za a iya ƙara shi ba har abada, ko ya toshe kafofin da ake jona majigi da filas, sai ka sake sayen wani ɗan abu mai reshe kana yawo da shi. Idan kuwa bai yanko daga ko ɗaya ba, to, daga aljihunka zai yanko. Ra'ayina, wanda zan kafa masa hujja, shi ne cewa mutumin ƙasar nan da ke biyan ƙarin ɗaruruwan dubban naira don kawai ya kuɓuta daga giram ɗari biyu ko uku, ya sa kuɗinsa inda ba shi ne mafi cancanta ba.

Mu fara da abin da masu tallan Turai da Amurka ba su lissafa da shi, wato zafin garinmu da halin wutarmu. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa kwamfutocinsa an yi su ne don aiki a yanayin da bai gaza digiri 10 ba, bai kuma wuce 35 ba. Mu kuwa a Kano, da Sakkwato, da Maiduguri, da Yamai, idan bazara ta kankama a watan Afrilu, ma'auni yakan haura 40, kuma ba kowa ke da na'urar sanyaya ɗaki ba, wanda ke da ita ma sai an kawo wuta. Ɗabi'ar furosesa ita ce idan zafi ya dame ta sai ta rage gudu don kada ta ƙone, saboda haka siririyar kwamfutar da ta yi abin mamaki a ɗakin gwaji mai sanyi tana iya komawa tafiyar hawainiya a shagon da ke da rufin kwano da azahar. Gaskiya ne MacBook Air ɗin da aka fara yi da furosesar M1 a 2020 ba ta da fanka sam, kuma wannan falala ce a wurinmu, domin abin da ba ya zuƙar iska ba ya zuƙar ƙurar hunturu. Sai dai wanda zai ɗora mata aiki mai nauyi na tsawon sa'o'i, kamar masu tace fim a Kannywood, ya sani ba don shi aka yi ta ba, gara ya haƙura da nauyi ya sayi mai fanka biyu.

Batun wuta kuwa shi ne ya sa nake ganin cewa sauƙin ɗauka a wurinmu ba a sikeli kaɗai ake auna shi ba. Kwamfutar da ba ta kai kilo guda ba amma batirinta ya mutu kafin la'asar, ta ɗaure mai ita a gindin soket, ta kuma tilasta masa ɗaukar caja mai kan tubali duk inda za shi. Wadda ta kai kilo ɗaya da rabi amma ta wuni tana aiki, ita ce ta 'yantar da shi. Don haka kada a tsaya ga sa'o'in da aka rubuta a kwali, a duba girman batirin, wanda ake rubutawa da lamba da haruffan Wh, a nemi 50 zuwa sama. A kuma tabbatar tana caji ta ƙaramar kafar nan da 'yan kasuwa ke kira taif-si, domin da ita caja guda za ta wadatar da waya da kwamfuta, kuma fawa bank mai ƙarfin wat 65 zai iya ceton mutum ranar da layin wuta na ƙasa ya faɗi.

Sai ƙarfin aiki, inda a nan ne aka fi cutar jama'a. Ka shiga shago a titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja, yaron shago ya ɗago kwamfuta da yatsu biyu, ya miƙo maka, ya ce, «Alhaji, ɗaga ka ji, kamar takarda, kuma Core i7 ce.» Kalmar i7 ita ce tarkon, domin suna ne na gida, ba ya faɗin shekaru. I7-7500U ta shekarar 2016 ƙwaƙwalwa biyu gare ta, alhali i3-1215U ta 2022 tana da shida, kuma ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari, Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'idarsa ba ya karɓar furosesar Intel da ta gaza zubi na takwas, in ban da 'yan ƙalilan. Saboda haka mai saye ya nemi a nuna masa cikakkiyar lambar a cikin injin, kada ya dogara da 'yar takardar da aka manna kusa da madannai.

Malaman usulu sun kasa buƙatun ɗan Adam gida uku: na larura, da na haja, da na ƙawa, kuma ban ga ma'aunin da ya fi wannan dacewa da mai shiga kasuwar kwamfuta ba. Larura a yau ita ce ram mai giga 16, musamman tun da a yawancin sirara ba a iya ƙara shi daga baya, har Apple ma, da ya daɗe yana kafewa a kan 8, ya sauko ya mayar da 16 mafi ƙaranci a MacBook Air tun Oktoban 2024. Larura ce kuma ma'aji ya zama SSD, giga 512 in da hali, 256 in babu. Batir mai jimiri da allo mai hasken da za a iya karatu a inuwar bishiya, waɗannan haja ne. Amma allon taɓawa, da jikin da ke naɗewa ya koma kamar littafi, da launin zinariya, da siranta ta ƙarshe, duk ƙawa ce, wadda ba laifi ba ce ga mai wadata, amma israfi ce ga wanda ya ciyo bashi ko ya sayar da ragon layya. A ɗaya ɓangaren kuma, sababbin nan masu sheƙi da furosesar Celeron da ram giga 4, waɗanda iyaye ke saya wa 'ya'yansu don sun ga sabo a kwali kuma da sauƙin kuɗi, su ne Bahaushe ke nufi da araha ba ta ado. Kafin yaro ya gama zangon farko ya fara ƙorafi.

Farashi kuma ba ya ƙarewa ranar saye. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da a da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 cikin watanni, kuma kowane allo, kowane batir, kowace madannai da dala ake shigo da su. Wanda ya sayi wata baƙuwar sura da babu mai gyaranta a garinsu, ranar da allonta ya tsage sai ya jira saƙo daga Dubai ko Sin. Wanda ya sayi irin waɗanda ma'aikatu ke saye da yawa, kamar ThinkPad, ko EliteBook, ko Latitude, zai tarar da kayansu a kasuwa da masu gyaran da suka san cikinsu, wasu daga cikinsu ma ana iya ƙara musu ram. Ban hana ɗan jaridar da ke kwana a hanya, ko mai ciwon baya, ya biya kuɗin siranta ba, domin shi a wurinsa ta fita daga ƙawa ta shiga larura. Amma ga galibinmu, mai inci 14, wadda nauyinta ke tsakanin kilo 1.3 da 1.5, ita ce tsaka-tsakin da ya dace.

Saura gargaɗi guda. Ba duk abin da ke cikin kwali da leda ne sabo ba, akwai na hannu da ake wankewa a sake naɗewa, kuma shari'a ta hana cinikin da ke da garari, ta kuma ba mai saye haƙƙin mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. To, ya kai mai karatu, kafin ka tura kuɗi, ka sa lambar da ke bayan injin a shafin kamfanin da ya ƙera ta ka ga ko garantinta na nan da rai, ka sa a buɗe maka rahoton batir ka ga sau nawa aka taɓa cajinsa, sannan a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar da sharaɗin mayarwa. Ɗan kasuwar da ya ƙi waɗannan uku, ka yi masa sallama ka shiga shago na gaba.