Magana A Kan Rubuta Lokutan Itatuwa



Sananne ne malaman ƙasar Hausa sun daɗe suna riƙe da lissafin taurari. Manziloli 28 ne, kowace kwana 13 gare ta, sai Jabha da aka ƙara wa kwana guda domin shekara ta cika 365. Da wannan lissafi ake amsa wa manomi in ya zo zaure yana tambaya ko shuka ta yi. Ilmi ne mai daraja, ba mai raina shi sai wanda bai karanta shi ba. Amma fa tauraro lokaci yake faɗa, ba ya faɗar halin ƙasa. Fitowarsa ba ta gocewa sai da kwana guda a cikin kamar shekara 72, watau tun jihadin Shehu a 1804 gocewar ba ta wuce misalin kwana uku ba. Ruwan shuka kuwa bana ya zo da wuri, baɗi ya makara da makonni. Mai son sanin abin da ƙasa ke ciki, sai ya sauko da idonsa kan itatuwa.

A dubi gawo. Sa'ad da sauran itatuwa ke cika da ganye da damina, shi sai ya kaɗe nasa, ya tsaya kamar matacce. Ruwa na ɗaukewa da kaka sai ya tofo, ya yi fure, ya zubo 'ya'ya da rani, daidai lokacin da awaki ba su da abin ci. Saiwarsa na nitsawa har ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Gero kuwa yakan yi kyau a gindinsa, zama babu inuwar da za ta danne shi, ga ganyen da ya zuba ya zama taki. Manoman Maraɗi da Damagaram sun riƙe wannan da gaske bayan farin 1984, suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu, har masu bincike suka ƙiyasta itace miliyan 200 ya ƙaru a can.

Kuka na tofowa da bazara tun ruwa bai sauka ba. Ɗorawa na rataya jan furenta da rani, kalwa ta shigo kasuwa gab da damina, kaɗanya ta zubo da farkon ruwa. Duk wannan yaro ma ya sani. To, amma a tambayi dattijo ran da ɗorawar ƙofar gidansa ta yi fure shekarar farin 1973, iyakar abin da zai ce, da sauran sanyi. Dattawa na cewa lokuta sun sauya, mai yiwuwa kuwa gaskiyarsu. Sai dai malamai sun fi kowa sanin da'awa daban, hujja daban.

Waɗansu al'ummai sun ajiye hujjar. A birnin Kiyoto na ƙasar Japan akwai itace mai suna sakura, wanda fadawa da masu ibadarsu suka riƙa rubuta ranar bikin furensa tun shekarar 812. Ba domin bincike suka rubuta ba, amma da masana suka tattara, sai ga shi a fili furen na ta matsowa da wuri tun ƙarni na 19, har a 2021 ya cika ran 26 ga Maris, abin da ba a taɓa gani ba a rubutun kafin nan. Ɗumamar duniya da zafin birni suka jawo haka. A Ingila ma Robert Marsham ya fara rubuta ranar tohon itatuwan gandunsa a 1736, zuriyarsa suka ci gaba har 1958. Ba su da wata na'ura, ido ne da alƙalami da naci.

Fatake kada su ce wannan zancen manoma ne. Binciken da aka yi a Samaru ta Zariya a shekarun 1960 ya nuna dawar gargajiya ba ta fid da kai sai tsawon yini ya ragu zuwa wani gwargwado, kuma kowane iri ya daidaita da lokacin ɗaukewar ruwa a ƙasarsa. Wanda ya sayo irin kudu ya sayar wa manomin arewa, ruwa zai ɗauke dawa ba ta fid da kai ba. Manomi ya yi hasarar shekara, shi kuwa ya yi hasarar amana. Haka mai sayen kalwa ko man kaɗe, in ya san furen bana ya makara ko iska ta kakkaɓe shi, ya san yadda zai yi da jarinsa tun kaya ba su shigo ba.

Wani zai ce wannan leƙen gaibu ne. Ba haka ba ne. Rubuta abin da ido ya gani bayan ya faru ake nufi, kuma shekara guda ba ta hukunta kome, sai an tara ashirin ko talatin. Magabata ma sun rubuta rasuwar sarakuna da husufin rana da shekarun yunwa a gefen littattafansu.

Malami ya fi kowa dacewa da aikin, domin yana zaune wuri guda, ga tawada, ga almajirai masu fita daji neman itacen wuta. Ya zaɓi itatuwa biyar da ba su kusa da rijiya ko lambu, kada ya sauya su. Ya sa gardi guda ya riƙa kawo masa ranar toho, da ta fure, da ta nunar 'ya'ya, da ta kaɗe ganye, a haɗa da ranar ruwan shuka da ta ruwan ƙarshe. A sa kwanan watan shamsiyya tare da tauraron da ake ciki, zama watan Hijira na matsowa da kwana 11 kowace shekara, ba ya nuna rani ko damina. A rubuta da ajami a takarda, ba a allo da ake wankewa ba, a sa cikin gafaka tare da littattafan da ɗa zai gada.