Kada a Yi Gaggawar Komawa Fili Bayan Aikin Ƙaba

Jama'a, sau da yawa maigida yakan tambaye mu: “Likita, yaushe zan koma wasan golf?” Ra'ayinmu shi ne a yi haƙuri. Warkewar fata daban, warkewar naman ciki daban.

A fara tattaki tun kwanakin farko, domin yana taimaka wa jini gudana. Bayan mako 1 zuwa 2 ana iya ƙananan ayyuka. Amma ɗaukar kaya mai nauyi da bugun ƙwallo mai ƙarfi, wanda ke murɗa ƙugu, sai bayan mako 4 zuwa 6, kuma da izinin likita. In an koma, a fara da gajeren bugu, wani ya riƙe jakar sanduna.

Uwargida, wannan magana ta shafe ki. Juna biyu kan kawo ƙabar cibiya. In an yi miki aiki, daka da ɗaukar jarkar ruwa sun fi golf wahala. Wajibi ne maigida da dangi su ɗauke miki su.

In aka ga zazzaɓi, mugunya, amai ko kumburi mai zafi, a garzayo asibiti. Allah Ya ba mu lafiya.