Motar Gwangwani, Ayo Da Adire: Mu Ma Mu Riƙa Tsayawa Muna Kallo

'Yan uwa mazauna Kurmi, na Sabo da Shasha a nan Badun, na Agege da Idi-Araba a Ikko, har da na can ƙasar Inyamurai. 

Mu mutanen zango muna da wata ɗabi'a da na daɗe ina lura da ita. Da yake neman halali ne ya kawo mu, idonmu kullum yana kan ciniki, zuciyarmu kuma tana gida. Sai mutum ya shekara talatin a gari bai taɓa tsayawa ya dubi kyawawan abubuwan da yake wucewa safe da yamma ba. Ni dai a ganina wannan asara ce, kuma 'ya'yanmu ne suka fi kwasarta. Bari in kawo abubuwa uku da suke faranta mini rai, sannan in faɗi dalilina.

Na farko, motar gwangwani. A gida, da an yi girbi yara suke samun karan dawa, su ɓare shi su fitar da totuwa, su haɗa motar kara. To a nan ina kara? Amma yaro bai san "babu" ba. Sai ya nemi gwangwanin madara, ya yanko tayoyi daga tsohon silifas, ya tsinto tsinken tsire a gindin teburin mai nama ya soke su da shi, ya lanƙwasa waya ya yi sitiyari mai tsawo yana tuƙawa a tsaye. Wani ya shafa mata ruwan ɗorawa da baƙin layi, ta zama danfo irin ta Ikko. Wani kuma babbar mota yake yi ta ɗaukar shanu, har da dagi a gefe, irin wadda yake gani tana saukewa daga Arewa. Mai karatu ka duba da kyau: idan yaron nan bai huda taya a tsakiya ba, mota sai ta riƙa ɗingishi, dole ya cire ya sake. Ba wanda ya ce masa awo yake koya, amma awon ne. Motar roba ta kanti kuwa, ranar da ta karye ranar ta tafi bola, domin mai ita bai san yadda aka haɗa ta ba.

Na biyu, ayo. Duk wanda ya zauna ƙasar Yarbawa ya ga dattawa a ƙarƙashin bishiya da wani katako mai ramuka 12, shida a kowane gefe. Kowane rami ana zuba masa 'ya'ya huɗu, jimla 48 ke nan, ana kwasa ana rarrabawa ɗai-ɗai. Wani katakon ma an sassaƙa shi da ado, yana ninkuwa kamar akwati. Shin wannan ba 'yar uwar dararmu ba ce, wadda ake haƙa ramukanta a ƙasa a zuba tsakuwa? Sannan ga darar manya mai gida 30, kowa da 'ya'yansa 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya. Haka nan wasan da 'yan matansu ke kira suwe, a zana gidaje a ƙasa a jefa dutse ana tsalle da ƙafa ɗaya, ai 'yar gala-gala ce tamu sak. Yaro Bahaushe da yaro Bayarabe ba sa bukatar tafinta kafin su fara waɗannan wasanni.

Na uku, adire, wato rinannen zanen Yarbawa da aka fi sanin Abekuta da Badun da shi. Wani ɗaure shi ake yi da zaren tukurwa kafin a tsoma a rini, wani ɗinkewa ake yi da allura, wani kuma kokon rogo ake damawa a yi zane da shi a jikin farin ƙyalle, da gashin kaza ko da tsinke. Inda kokon ya taɓa, rini ba ya kamawa sosai, idan aka wanke sai ado ya fito. Akwai wani tsohon zane mai suna Ibadandun, ma'ana Badun da daɗi, wanda a cikinsa ake zana ginshiƙan ɗakin taro na Mapo, wannan dai da ke kan tudu, wanda aka buɗe a 1929. Kai jama'a! Mata ne fa suka ɗauki ginin garinsu suka sa a zane. Mu da muka fito daga ƙasar marinar Ƙofar Mata da rawani ɗan Kura, ai mu ya kamata mu fi kowa gane darajar shuɗin baba. Kuma ciwonmu ɗaya da su, domin yadin da ake bugowa da inji daga Sin, ana kwaikwayon adonsu, shi ke kashe musu kasuwa kamar yadda irinsa ya durƙusar da masu sana'ar tufafi a gida.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: yaro ga boko ga Islamiyya, yaushe ya ga lokacin wasa? Kuma titi ba aminci, gara ya zauna a ɗaki da waya ana ganinsa. Gaskiya ne unguwanninmu sun cushe, filin da aka yi langa a da yanzu shaguna ne. Amma fa mu tuna, yaron da ke zaune da waya jikinsa kawai ke ɗakin, ba ka san inda hankalinsa ya tafi ba. Kuma dara da carabke da motar gwangwani ba sa bukatar fili, zaure ko tsakar gida ya ishe su. Sa'a ɗaya tsakanin la'asar da magariba ba za ta hana kowa hadda ba.

Ga inda maganar ta fi damuna. An kafa Sabon Badun tun 1916, yau fiye da shekara ɗari. Akwai yara a cikinmu da kakannin kakanninsu a nan aka binne su, Arewa sai dai a je biki a dawo. Idan ba mu koya musu langa da gaɗa da tashe ba, wa zai koya musu? Da wasa kalmomi ke shiga bakin yaro, wasa na ɓacewa kalmomin ke bin sa. Idan kuma muka raina musu abin masu masaukinmu, sai su tashi ba su san na gida ba, ba su san na nan ba, an yi biyu babu. Ba mu manta da abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 ba, yadda 'yar taƙaddama ta jawo asarar rayuka da ƙone-ƙone. Ba na cewa wasan ayo zai hana rikici. Abin da na sani shi ne, wanda kuka taso kuna tuƙa motar gwangwani tare, da wuya a zuga shi ya ɗauke ka baƙo.

Don haka ga 'yar shawarata. Uwa, kada ki zubar da gwangwani da marafen kwalba, wanke su ki daddanne bakin da ke yanka ki ajiye wa yara. Uba, ka haƙa ramukan dara ko sau ɗaya a mako ka zauna da ɗanka, in ya cinye ka kada ka ji haushi. Malaman Islamiyya da shugabannin matasa, ku sa gasar haɗa mota lokacin hutu, ku gayyato yaran maƙwabta. Mai zuwa ganin gida kuma, ka sayi adire na gaske ka kai tsaraba. Za ka gane shi, domin aikin hannu ba ya fitowa iri ɗaya tamkar na inji, kuma na baba yakan bar ɗan shuɗi a hannu.

Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilmi, amma sai ga wanda ya buɗe idonsa a hanya. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai wani jiƙon, ku huta lafiya.