A Daina Ɗora wa Ƙaddara Laifin Sakacinmu

'Yan uwa marubuta, mun gaji da sanarwar nan: "Kwamfutata ta mutu, littafina ya tafi, a taya ni da addu'a." Addu'a za mu yi, amma a faɗi gaskiya tukuna.

Mu da ke zirga-zirga tsakanin Amarawa, Illela da Ƙwanni mun san yadda ake ɗaukar laftof. A rufe murfi, tun ba ta gama tsayawa ba a ɗaure ta da roba a bayan kabu-kabu kamar buhun albasa. Tsofaffin da muke saye na hannu, da yawansu faifai ne a ciki, mai juyawa sau 5,400 a minti. Rami ɗaya ya ishe shi. Masu jiragen ruwa da teku ke wujijjigawa, cikin akwatin da ruwa ba ya shiga suke sa tasu, su ɗaure akwatin. Mu kuwa hadari ya tare mu a hanya, ko leda babu.

A kashe ta gaba ɗaya, a naɗe da zane, a sa leda, a goya jakar a baya. Jiki na shanye girgiza.

Sai kwafi. Littattafan Shehu da Abdullahi da Bello sun iso mu ne domin almajirai sun yi ta kwafa da hannu, suna yawo da su cikin gafaka. Mu Google Drive ya ba mu 15GB kyauta, amma shafi 300 na kwance wuri guda. Wai babu data! Littafin duka bai kai bidiyon TikTok ɗaya nauyi ba.