WAI ZAFIN RANA NE YA ƘONE BIRNIN ƘONNI!

Zuwa ga dukan rassa, na birni da na ƙauye. A karanta wannan takarda a gaban jama'a ranar kasuwa da la'asar. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, kada a bar ta ta kwana cikin aljihun magatakarda.

Ya ku 'yan'uwa talakawa, manoma da makiyaya, fatake da masu sana'a, maza da mata! Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ƙasar nan, har ta sami wurin zama a bakin waɗansu 'ya'yanmu da suka yi lakwal. Wai Nasara ya tarar da mu cikin duhu, ba mu da kome sai yaƙi da yunwa, shi ne ya kawo mana zaman lafiya da hanya da likita. In kuwa an yi ɓarna wajen shigowarsa, to, wai laifin mutum biyu ne da suka haukace. Wannan magana ƙarya ce. Yau za mu bi ta tun daga tushe, da sunan gari da shekara, domin kowa ya sami abin da zai mayar wa mai faɗinta.

A cikin watan Janairu na 1899 wata runduna ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufo gabas. Shugabanninta su ne Kaftin Voulet da Kaftin Chanoine. Ba 'yan fashi ba ne da suka tara kansu a daji. Gwamnatin Faransa ce ta aiko su, da takarda da hatimi, domin su kafa tutarta a bakin tafkin Cadi. Shi Chanoine ɗan babban gida ne, ubansa janar ne, har ya riƙe ministan yaƙi a 1898. Turawan da ke cikin rundunar ba su kai goma ba. Sauran sojoji ne baƙar fata da aka ɗebo daga ƙasashen yamma, da ɗaruruwan 'yan dako da aka kamo ƙarfi da yaji. Guzurin da aka ba su bai isa ba, kuma a Faris an san bai isa ba. To, wanda ya turo mutum fiye da dubu cikin ƙasar da ruwanta na rijiya ne, bai ba su hatsi ba, ya ba su harsashi, ai ya san rumbun wa za su fasa.

Tun ba su yi nisa ba, a Sansane Hausa, suka kashe mutum 101, har da mata da yara. Cikin Afrilu suka iso Lugu, a ƙasar Arewa, inda Sarauniya Mangu ta ƙi ba su hanya. Maharbanta suka tare su da kwari da baka, mutane masu kibiya a gaban masu bindiga, aka gwabza, sa'an nan aka cinna wa garin wuta. Cikin Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni, babban gari mai ganuwa. Suka yi kisa har suka gaji, suka kwashe mata, suka bar gawa cikin ramuka da rijiyoyi. Ba wanda ya tsaya ƙidaya a ran nan, amma masu ba da tarihi da dubbai suke lissafi. Daga nan suka bi ta ƙasar Gobir zuwa wajen Tasawa, gari bayan gari, duk inda suka kwana sai toka.

Wani hafsa da aka kora daga rundunar, sunansa Péteau, ya rubuta wasiƙa gida, labari ya kai kunnen manya. Aka turo Kanar Klobb ya bi sawunsu ya kama su. Bai sha wahalar neman hanya ba, ƙonannun garuruwa suka yi masa jagora, har ya tarar da 'yan mata ƙanana an rataye su a itatuwa a Koran Kalgo. Ran 14 ga Yuli ya cim musu a Dankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu baya, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet. Kaburburansu suna nan a Maijirgi, duk mai tafiya Damagaram yana wucewa ta kusa da su.

Ku lura da kyau, jama'a. Abin da ya sa sunayen mutanen nan biyu suka zama abin kunya a Faransa shi ne jinin Bature guda ɗaya, ba jinin Ƙonni ba. Majalisarsu ta ƙi yarda a kafa kwamitin bincike a 1900. Binciken da ma'aikatar mulkin mallaka ta yi kuwa, an rufe shi a 1902, aka ce wai zafin ranar ƙasarmu ne ya juya musu hankali. Kun ji fa! Ashe rana ce mai laifi. Ranar nan da kakanninmu suka yi noma a ƙarƙashinta shekara da shekaru ba ta sa su rataye yara ba, sai da ta taɓa kan Bature.

To, mu tambaye su tambaya guda. In mahaukaci ya shiga gidan mutum ya ƙwato akuya, danginsa masu hankali ba mayar da ita suke yi ba, su ba da haƙuri? Me ya sa Faransa ba ta mayar da abin da mahaukatanta suka ƙwato ba? Rundunar ba ta koma gida ba. Sauran hafsoshin suka ci gaba da ita, da sojojin nan, da bindigogin nan. Suka ci yaƙin Tirmini, suka shiga Zindar a ƙarshen Yuli na 1899, cikin Satumba aka kashe Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga. Joalland da Meynier suka kai ta Cadi, aka haɗu da sauran rundunonin Faransa, aka kashe Rabe a Kusuri cikin Afrilu na 1900. Su biyun nan duk sun mutu suna janar. Watau an la'anci wuƙa, an cinye naman. Babbar hanyar mota da ta taso daga Dogon Dutsi ta bi Ƙonni da Maraɗi da Tasawa har Zindar, kusan bisa sawun rundunar nan take.

Yanzu sai maganar duhu. Wane duhu suka tarar a Damagaram? Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye birninsa da ganuwa, yana da dubban bindigogi, maƙeransa suna zuba igwa a nan cikin gari. Ayarin raƙuma yana tashi daga Zango ya bi Agadas da Gat har Tarabulus, da fatu da gashin jimina, ya komo da tufafi da takarda. Akwai alƙalai, akwai makarantun allo da na ilimi, akwai marina da masaƙa da majema. Maraɗi da Tsibiri kuwa sun shekara da yawa suna riƙe da kansu, Sakkwato ba ta iya tanƙwara su ba. Ba mu ce sarakunan dā mala'iku ba ne. Sun kai hari, sun kama bayi, sun sayar, kuma talaka ya sha wuya a hannunsu; wannan ma tarihinmu ne, ba za mu ɓoye shi ba. Amma ƙasa ce mai tsari da dukiya da ilimi, ba kango ba. Da Nasara ya ga gidan sarautar Damagaram yana da sauran ƙarfi, sai a 1906 ya ce an ƙulla masa makirci, ya tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, ya kai shi Kwaddibuwa, ya bar gadon sarauta ba sarki har 1923. A 1926 ya ɗauke babban birni daga Zindar ya kai Yamai.

Su kuma waɗanda suka ce a'a, wa ya koya wa yaranmu sunansu yadda ya kamata? Alfa Saibu na Kobkitanda da Umaru na Karma sun tashi a 1905 da 1906. Kawusan ya tsare Faransawa cikin barikinsu na Agadas tun daga Disamba na 1916 har Maris na 1917, da aka karya shi kuwa aka huce a kan malaman garin. Ita kanta Sarauniya, sai da Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986, kāna duniya ta san da ita. Mutanen Lugu ba su taɓa mantawa ba, ba a dai tambaye su ba ne.

Bayan wuta sai alƙalami, kuma aikin alƙalami ya fi daɗewa. Ku dubi iyaka. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun ɗora tsinke a kan Sakkwato bisa taswira, suka zana da'ira mai nisan mil 100, suka ce na ciki na Ingilishi ne. Da wannan lissafi Ƙonni ma ba rabon Faransa ba ce sa'ad da Voulet ya ƙone ta. Daga baya Faransawa suka ga ba su da hanya mai rijiyoyi tsakanin kogi da Zindar, sai aka sāke zama a 1904 da 1906, aka matsar da layin kudu. Saboda ruwan shan ayarin sojan Nasara aka yanka ƙasar Hausa. Ba a tambayi Bagobiri ba, ba a tambayi Bakatsine ba. Shi ya sa mutumin Maraɗi yake bin layin duwan kafin ya gai da kawunsa a Jibiya, shi ya sa duk ran da manya suka yi faɗa aka rufe iyaka, kamar a 1984 da 2019 da 2023, kasuwanninmu ne ke fara mutuwa.

Sa'an nan lanho. An sa wa kowane kai kuɗi, kuma aka daina karɓar wuri, sai tammar Nasara. Ina talaka zai sami tamma? Sai ya noma abin da kanti ke saye, ko ya bar gida ya tafi Kano ko Kumasi neman kuɗin lanho. Ga aikin dole: gardi ya zo da bulala a tsakiyar damina ya kwashe majiya ƙarfi, su fasa dutse, su gina bariki, su ɗauki kayan kumandan a ka, gonarsu kuwa ciyawa ta cinye. Hanyar da ake mana gori da ita, wuyan kakanninmu ne ya ɗauko ƙasarta, ba a biya su ko dala ba. Ga dokar da ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ba alƙali ba shaida. Ba a soke waɗannan biyu ba sai 1946. A yunwar 1931, da fāra ta cinye amfanin yammacin ƙasar nan, mutane suna mutuwa, ana bin su lanho.

Gyaɗa kuwa kowa ya san labarinta a Maraɗi da Tasawa da Magarya da Matamai. Manomi ya yi noma, kamfanonin Turawa su yanka farashi, su ne da sikeli, su ne da kantin da zai sayi atamfa da gishiri a ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gyaɗa ta fita buhu-buhu, ƙasa ta gaji, ba a bar mana kome a madadinta ba. Ran da aka sauke tutarsu a 1960, bayan shekara 60 na wannan haske da ake faɗi, ƙasar nan ba ta da ko taku ɗaya na hanyar jirgin ƙasa, ba ta da jami'a, yaran da ke lakwal kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Da gyaɗa ta faɗi sai aka koma ƙarƙashin ƙasa. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa can domin manyan motoci su kai shi bakin teku, ya haskaka biranen Faransa, ƙauyukanmu suna kwana da fitilar kwano. Da aka rufe ramin Akuta a 2021, tarin dusar ma'adini mai guba, tan miliyoyi, nan aka bar wa mutanen wurin.

Wani zai ce, to, ai an daɗe da samun mulkin kai, sauran laifi na shugabanninmu ne. Lalle ɓarawon gida ɓarawo ne, ba mu wanke shi ba, kuma ba za mu bar shi ya ɓuya a bayan Voulet ba. Amma wanda ya gaji gona ya kamata ya san wa ya sare itatuwanta. Har 2025, da jikokin mutanen garuruwan da aka ƙone suka kai kuka ta hannun wani jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya, amsar gwamnatin Faransa ita ce ƙofar magana a buɗe take, amma ba ta ɗauki laifi ba. Takardun abin da ya faru kuwa, mafi yawansu suna can a ɗakunan ajiyarsu.

Saboda haka ga aikin da ke kan kowane reshe kafin taron wata mai zuwa. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, amma akwai tsofaffin da suka ji daga bakin kakanninsu. A zaɓi mutum biyu, ɗaya mai rubutu, da boko ko da ajami, su je su zauna da su cikin ladabi, kada a manta da tsofaffin mata, domin su ne suka fi riƙe sunaye. A rubuta sunan garin da aka ƙone, da rijiyar da aka daina sha, da inda mutane suka gudu, da gidan da aka kwashe wa 'ya'ya, da wanda aka tafi da shi aikin dole bai komo ba. Abin da tsoho bai tabbatar ba kada a ƙara masa gishiri, domin abokin gāba yana jiran ƙarya guda ya rushe gaskiya ɗari. A yi kofi biyu, ɗaya ya zauna a reshe, ɗaya a ba amintaccen direba ya kawo. Rassan Dogon Dutsi da Ƙonni da Tsibiri da Tasawa su fara, tun da su ne bisa hanyar.