Sensarka ba jabu ba ce, ma'ajiyar Uno ce ta cika

Jama'a, masu haɗa na'urori da Arduino, mu faɗa wa juna gaskiya. Da zarar bayanai sun fara zuwa a yanke, sai ka ji an ce sensar jabu ce, a koma kasuwa. Tsaya tukuna, mu yi lissafi.

A gudun 115200, kowane harafi yana cin bit 10, wato haruffa 11,520 ke shigowa a daƙiƙa ɗaya. Ma'ajiyar Uno kuwa haruffa 64 kacal take ɗauka, cikin kusan milisakan 5 da rabi ta cika. Kai kuma ka je ka saka delay(10) a cikin loop! To duk abin da ya iso bayan ta cika ya tafi ke nan, ko sallama babu.

SoftwareSerial kam, ni ban ga amfaninsa a wannan gudun ba, a bar shi a 9600.

A ganina, cire delay ɗin, ka fara kwashe bayanan, ka sarrafa su daga baya. In gudun ya kai miliyan, kar ka wahalar da kanka, nemi STM32 mai DMA, wanda ke zuba bayanai kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa, furosesa na can yana wani aikin.