Leda Na Cinye Mana Shanu

'Yan'uwa makiyaya da fatake, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne leda, wadda a nan muke kira roba. Da can a ganye ake ƙunshe abinci. Yau ko ƙosai ka saya a kasuwar Savelugu, sai a leda. Da rani in ciyawa ta ƙare, saniya takan haɗiye ta saboda ɗanɗanon gishiri da mai. Ba ta narkewa. Sai ta dunƙule a tumbi, dabba ta rame, a karya mata kuɗi a Yendi ko Bawku. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya a 2017. Mu fara da kanmu: kada mu yar da ita a kara ko mashaya. Allah ya tsare mana dukiyarmu.